Ciwon Katara a Jiki Mai Laushin Gaɓoɓi: Nazarin Lamarin Wata Malama

Kafin ciwon ya fara

Matar da wannan nazari ya shafa malamar makaranta ce mai shekara 38, uwar 'ya'ya biyu, ƙaramin yana da shekara 2 a lokacin da abin ya soma. Aikinta na tsayuwa ne, awa 5 zuwa 6 a rana tana gaban allo. Ba ta da ciwon suga, ba ta da hawan jini, nauyinta kuma daidai yake da tsawonta. Ni ne likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki, da ya karɓe ta a wata na tara na ciwon. Abin da ya faru kafin nan na tattaro shi ne daga bakinta da kuma takardun asibitin da ta zo da su.

Tun tana yarinya aka san ta da laushin jiki. Tana iya lanƙwasa babban yatsanta har ya taɓa sangalin hannu, tana ware ƙafafu ta zauna daɓas a ƙasa ba tare da kowa ya koya mata ba, ƙawayenta su taru suna kallo. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin lalura, baiwa ce a idon kowa. Ta yi targaɗe a idon sawu sau 4 kafin ta cika shekara 25. Kafaɗarta ta hagu takan zame ta koma idan ta miƙa hannu za ta ɗauko abu daga sama. Kwatangwalonta na dama kuwa yakan yi ƙara, ƙas, idan ta tashi daga zaune ko tana hawa matakala, amma ba ciwo. Ba ta taɓa faɗa wa wani likita ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba a taɓa tambayarta ba.

Wanda ya dafa gefen kwatangwalonsa, can saman cinya ta waje inda ake kira katara, zai ji wani ƙashi ya turo. Kafaɗar ƙashin cinya ke nan. A kansa ne jijiyoyin tsokoki biyu na gefen ɗuwawu suke manne, kuma aikin waɗannan tsokoki shi ne riƙe ƙugu a daidaice duk sa'ad da mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya, wato a kowane taku. Wata doguwar jijiya mai faɗi kamar ɗamara ta bi ta saman wurin, ta gangara har gefen gwiwa. Tsakanin wannan ɗamara da ƙashin akwai 'yar jaka mai ɗan ruwa a ciki, likitoci na kiranta bursa, wadda ke hana su gogar juna. Idan ta kumbura sai a ce mutum yana da bursaitis. Ciwon wannan wuri ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 40 da 60.

Fabrairu zuwa Afrilu: farawa

A farkon Fabrairu abubuwa biyu suka sauya mata a mako guda. An mayar da ajinta hawa na uku, tana hawa da sauka aƙalla sau 6 a rana. Ta kuma shiga tafiyar sassarfa ta minti 40, kwana 5 a mako, alhali a da ba ta motsa jiki ko kaɗan. Cikin mako 3 katararta ta dama ta fara zogi, da farko bayan tafiya kawai, daga baya har da dare. Ta ce idan ta kwanta a ɓangaren dama ji take kamar a kan dutse ta kwanta, idan ta juya hagu kuma sai ta ji ana jan wurin.

Ta daina tafiyar, ta sha ibuprofen na kwana 10. Ciwon ya ɗan lafa da rana, na dare yana nan. Da yake tana jin wurin a ɗaure, sai ta shiga miƙe shi safe da yamma: ta kwanta rigingine ta jawo gwiwar dama ta tsallake jikinta zuwa hagu, ta riƙe minti 2. Tana cikin yi takan ji daɗi. Bayan awa ɗaya ko biyu zogin ya dawo.

A Afrilu ta je asibiti. Da yake ciwon kan sauka gefen cinya har kusa da gwiwa, an fara zargin jijiyar baya. An yi mata hoton ƙashin baya da na kwatangwalo, duka suka fito lafiya lau, babu alamar zaizayewar gaɓa. Aka sauya mata magani zuwa diklofenak. Bayan mako 2 cikinta ya fara zafi, ta ajiye shi.

Mayu da Yuni: allurar farko

Likitan ƙashi ya danna kan ƙashin katarar, ta zabura. Ya rubuta bursaitis, ya yi mata allurar kotizon, mai rage kumburi, haɗe da maganin kashe zafi a wurin. Ta lura maganin kashe zafin bai kama ta sosai ba, kamar yadda ta saba gani a wurin likitan haƙori, inda sai an ƙara mata kafin wurin ya mutu. Wannan abu ne da masu laushin gaɓoɓi da yawa ke faɗa, amma ranar ba a tsaya a kansa ba.

Bayan kwana 4 ciwon ya sauka daga 7 zuwa 2 a ma'aunin zafin ciwo mai maki 10. Ta samu barci, ta koma tafiyarta ta minti 40 gaba ɗaya a rana guda. Sauƙin ya yi mako 5. Kafin ƙarshen Yuni ciwon ya koma 7.

Yuli da Agusta: gashi da miƙa

An tura ta sashen gashi, ta je sau 12 cikin mako 6. Ana gasa mata wurin da na'urar zafi, a matsa, sannan a miƙe doguwar jijiyar gefen cinya ta hanyar tura ƙafar dama ta tsallake bayan ta hagu. An kuma ba ta wani dunƙulen soso mai tauri ta riƙa kwanciya a kansa tana murza katarar. Atisayen ƙarfi guda ɗaya aka ba ta: ta kwanta a gefe ta ɗaga ƙafa sama sau 30. Ta ce kullum ana yaba mata, ana cewa ba a taɓa ganin mai ciwon kwatangwalo da ƙafarta ke zuwa inda tata ke zuwa ba.

A ƙarshen Agusta ciwon yana 8 cikin 10. Tana farkawa sau 4 zuwa 5 a dare. Katarar hagu ma ta fara, da yake a kanta take kwana tun Maris. Tafiyar minti 10 ta gagare ta, tana hawa matakala da ƙafa ɗaya-ɗaya.

Satumba: allura ta biyu da hoton sikanin

An sake yi mata allurar kotizon. Wannan karon sauƙin mako 2 kawai ya yi. Sai aka yi mata sikanin na katarar. Hoton ya nuna ɗan ruwa a cikin jakar, ya kuma nuna jijiyar ɗaya daga cikin tsokokin gefen ɗuwawu ta yi kauri ta sauya kama, amma ba ta yage ba. Wannan ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, wanda ya duba hotunan sikanin na mutum 877 masu ciwon katara, ya tarar kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai ke da kumburin jakar, kusan rabinsu kuwa jijiyar tsokar ce ta samu matsala. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu suka fi son kiran abin ciwon katara kawai, maimakon ɗora laifin duka a kan jakar.

Likitan ya ce ba zai ƙara allura ta uku ba, domin yawan kotizon na iya raunana jijiya. Ya turo ta wurina.

Oktoba: abin da awo ya nuna

Da farko na tabbatar babu zazzaɓi, wurin bai yi ja ba, bai yi ɗumi ba, domin jakar da ƙwayar cuta ta shiga lamarinta daban ne kuma ba ya jira. Babu kasala ko mutuwar ƙafa. Na sa ta tsaya da ƙafar dama kaɗai. Ana son mutum ya kai daƙiƙa 30. A daƙiƙa ta 8 ciwon ya taso, ƙugunta na hagu ya zube ƙasa, gwiwar dama ta karkata ciki.

Ina rubutu sai na ɗago kai na ga yadda ta tsaya tana jirana. Ta jingina nauyinta duka a ƙafar dama, ta turo katarar waje, gwiwar ta lanƙwashe baya kamar baka.

Na ce, "Malama, haka kike tsayawa a aji?"

Ta dubi ƙafarta, ta ce, "Yaya na tsaya, Likita? Ai a miƙe nake."

Na kai ta gaban madubi. Ta daɗe tana kallon gwiwar. Ta ce haka take tsayuwa tun tasowarta, kuma a wannan katarar take saɓa ɗanta idan tana aiki da hannu ɗaya.

Nan na yi mata awon Beighton, wanda aka wallafa a 1973 kuma har yau da shi ake aiki. Maki 9 ne. Ƙaramin yatsa ya tanƙwaru baya fiye da digiri 90, maki ɗaya kowane hannu. Babban yatsa ya taɓa sangalin hannu, ɗaya kowane hannu. Gwiwar hannu ta wuce miƙewa da fiye da digiri 10, haka ma gwiwar ƙafa, ɗaya kowace. Na ƙarshe, mutum ya sunkuya ya shimfiɗa tafukan hannu a ƙasa gwiwoyinsa a miƙe. Ta samu 7, gwiwoyin hannu ne kawai ba su wuce ba. A ƙa'idar da masana suka amince da ita a 2017, maki 5 ya isa a ce baligin da bai haura shekara 50 ba yana da laushin gaɓoɓi na jiki duka. Tafin ƙafarta ma yakan baje idan ta tsaya.

Na tura ta wurin likitan gaɓoɓi ya duba ko tana da lalurar Ehlers-Danlos, wadda ke shafar kolajin, sinadarin da ke ba jijiyoyi da fata ƙarfi, kuma take da nau'i 13. Fatarta ba ta talewa fiye da kima, ba ta da tabo mai faɗi, ba ta taɓa yin ƙaba ba, zuciyarta lafiya. Bai same ta da cikakkun sharuɗɗan ba. Ya rubuta cewa tana da laushin gaɓoɓi mai haddasa ciwo, rukunin da aka ware masa suna a wannan ƙa'ida ta 2017.

Da na ce ta daina miƙa gaba ɗaya, ba ta yarda nan take ba.

"Likita, ni fa ina jin jijiyar a ɗaure take. Idan ban miƙe ta ba ai ƙara ɗaurewa za ta yi."

Na kwantar da ita na nuna mata ƙafar tana zuwa ko'ina ba tare da wani abu ya tare ta ba. Na bayyana mata cewa idan jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi suka yi sako-sako, tsoka ce ke karɓar aikinsu, ta wuni tana riƙo ba hutu, kuma tsokar da ta gaji ji ake kamar ta ɗaure ko da tsawonta ya wuce na kowa. Na ɗora hannunta a katarar, na tura ƙafarta ta tsallake tsakiya, ta ji da kanta yadda ɗamarar ke matse ƙashin. Muka yi yarjejeniya ta gwada mako 4.

Tsarin da na bi ya samo asali daga wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2018, da mutum 204 masu irin wannan ciwo. Bayan mako 8, kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka koya wa kare wurin tare da atisayen ƙarfi sun ce sun samu sauƙi sosai, na masu allura kashi 58, na waɗanda aka ce su jira kashi 29. Bayan shekara guda masu atisaye suna nan kusan kashi 78, masu allura 58.

Mako 1 zuwa 4: cire matsi

Mun fara da abubuwan da za ta bari. Ba miƙa, ba murza soso. Ba harɗe ƙafa a zaune, ba zama a kujera mai zurfi da gwiwa ke fin ƙugu tsawo. A aji ta tsaya da ƙafafu biyu a ɗan ware, gwiwa a sake kaɗan, kada ta kulle ta baya. Da yake jikinta ba ya sanar da ita idan ta karkace, abin da ya zama ruwan dare ga masu laushin gaɓoɓi, na manna mata filasta a bayan gwiwa yadda duk sa'ad da ta kulle za ta ji ya ja fatarta. Ta ce ranar farko ya ja ta fiye da sau 20 kafin a tashi tara.

Barci a rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, ko a gefen hagu da matasai 2 tsakanin ƙafafu tun daga gwiwa har idon sawu, don kada ƙafar sama ta faɗo. Ta shimfiɗa bargo mai kauri a kan katifa saboda katarar da ke ƙasa. Yaron kuma ta riƙa ɗaukarsa ta gaba da hannu biyu. Ta roƙi a rage mata hawa da sauka zuwa sau 2 a rana, aka yarda. Ta sa abin tallafar tafin ƙafa a cikin takalmi.

Atisayen kuwa ƙanana ne har ta raina su. Ta kwanta rigingine, a ɗaure cinyoyinta da bel a saman gwiwa, ta tura waje a hankali da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, ta riƙe daƙiƙa 10, sau 10, safe da yamma. Sai ɗaga ƙugu daga kwance, da tashi daga kujera a gaban madubi tana kallon gwiwa kada ta faɗa ciki. Doka ɗaya ce: ciwo kada ya wuce 3 cikin 10 a lokacin yi, kuma ya koma yadda yake kafin awa 24.

A ƙarshen mako na 4 ciwo yana 5, farkawar dare sau 2, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 15. Katarar hagu ta yi shiru.

Mako na 6: koma baya

Ganin wannan ci gaba, na ƙara mata hawa akwati mai tsawon santimita 20, sau 15 a jere har zagaye 3, tare da tafiyar gefe da roba a idon sawu, duka a mako ɗaya. Kwana 2 bayan haka ta kira ni. Ciwon ya koma 7, bayan ƙugunta na dama da gaban gwiwarta sun shiga ciwo, ta kwana 2 ba barci. Ta ce ta kusa komawa miƙa.

Muka koma atisayen mako na 2 na tsawon kwana 10. Da abin ya lafa, muka sake hawa da akwatin santimita 10, sau 6, tana dafe da bango, robar kuma a saman gwiwa maimakon idon sawu. Daga nan abu ɗaya kawai nake ƙarawa a kowane mako 2, ko yawa ko nauyi, ba duka biyun ba.

Disamba zuwa Afrilu: gina ƙarfi

Daga nan tafiyar ta miƙe, sai dai a hankali. Atisayen ƙarfi sau 3 a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani, kowane motsi a tsaya kafin gaɓa ta kai ƙarshenta. A Janairu ta koma tafiya, minti 10 a fili mai laushi da gajeren taku, ana ƙara minti 5 duk mako 2. A Fabrairu ta fara tsuguno da nauyin kilo 6, ta kai kilo 12 a Afrilu. An cire filastar gwiwa a mako na 10.

Awon ƙarshen Afrilu, wato mako na 26: ciwo 1 cikin 10, ba farkawar dare, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 ƙugu a daidaice, tafiyar minti 40, hawa na uku ba dafa ƙarfe. Tana iya kwanciya a gefen dama kusan rabin awa. Ƙarar kwatangwalon ta ragu amma ba ta ɓace ba. Makin Beighton yana nan 7.

Oktoba: bayan shekara guda

Ciwon ya taso mata sau ɗaya a Agusta, bayan ta yi mako 5 ba atisaye ta kuma yi doguwar tafiya a mota a kujera mai zurfi. Ya kai 4. Ta koma atisayen bel da matasanta da kanta, ya kwanta cikin kwana 9, ba magani ba allura.

Abin da na fahimta daga lamarin

Kumburin jakar gaskiya ne, hoto ya nuna shi, amma a ganina shi ne ƙarshen zancen, ba farkonsa ba. Laushin gaɓoɓinta ya ba ta damar rataya a kan katara ɗaya fiye da yadda mai jiki na yau da kullum zai iya, kuma jikinta bai gaya mata tana yi ba. Shekaru tana haka, ɗamarar gefen cinya tana danne jijiya da jaka a kan ƙashi, tsokokin da ya kamata su riƙe ƙugu suna rauni. Matakala da tafiyar sassarfa a mako guda su suka ƙarasa. Ba na cewa laushin ne kaɗai sanadi, domin mafi yawan masu ciwon katara gaɓoɓinsu ba su da laushi, kuma akwai masu laushin da ba su taɓa jin ciwon ba. Amma a wurin wannan mata shi ne ya bayyana me ya sa ciwon ya zo, me ya sa ya ƙi tafiya.

Allurar farko ba kuskure ba ce. Ta ba ta mako 5 na barci, kuma da an yi amfani da su wajen gyara tsayuwa da fara atisaye, ina kyautata zaton da ba a kai ga ta biyu ba. Abin da ya fi yi mata illa shi ne miƙa da murza, wata 6 ana ƙara matse wurin da matsi ne ya kumbura shi. Abin yana damuna, domin kowa ya ga yadda ƙafarta ke zuwa inda ta wasu ba ta zuwa, aka yaba, ba a tambayi dalili ba, alhali awon da zai ba da amsa bai kai minti 2 ba kuma ba ya bukatar na'ura.

Koma bayan mako na 6 laifina ne. Na bi saurin da nake bi da sauran marasa lafiya, na manta cewa a jikinta duk gaɓar da ke kusa ita ma sako-sako take, kuma idan aka ɗora wa ɗaya kaya sauran za su amsa. Gwajin Ostireliya mako 8 ya ɗauka, ita sai da ta yi 26, kuma da na faɗa mata haka tun ranar farko da ba ta karaya ba lokacin da abin ya juya. Tun daga lamarinta, duk wanda ya zo mini da ciwon katara sai na duba yatsunsa da gwiwoyinsa kafin in rubuta masa atisaye ko ɗaya.

Laushin ba zai tafi ba, don haka atisayen sau 2 a mako ya zama nata na dindindin, ta kuma amince da hakan bayan abin da ta gani a Agusta. Kafaɗar hagu da ke zamewa har yanzu ba a taɓa ta ba. An sa mata ranar da za a fara kula da kafaɗar a Nuwamba.